Fes ɗin nan guda biyu ne, a taya ni raba musu suna

Jama'a masu gyaran waya da rediyo, cigiya nake. Shekaranjiya na aiki yarona kasuwar waya ta Farm Centre ya sayo mini fes, wato paste, domin akwai wata aisi, 'yar na'urar nan mai ƙafafu da yawa a kan allon waya, da zan sake wa ƙafafu. Sai ga shi da ɗan gwangwanin nan mai maiƙo ruwan zuma. Har na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna ni ma fes nake ce masa. Abu biyu muka ɗora wa suna ɗaya, yaro kuwa ya ɗauko wanda ya fi gani a kan teburina.

Wanda ya kawo shi ne flux a Turance. Ba ya riƙe komai. Aikinsa cinye dattin da iska ke yi wa tagulla, don ƙarfen da ya narke ya samu ya kwanta. Wanda nake nema kuwa solder paste ne, mai ruwan toka: garin ƙarfe ne da aka kwaɓa da wancan maiƙon, kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ƙarfe. A shafa shi ta faifan nan mai huji-huji, a ɗora kaya, a ba shi zafi, ya narke ya kama.

Da farko na ce a kira shi kunun dalma. Wani ya ce, "Oga, a shagon da yara ke shiga kar ka haɗa kunu da dalma a baki ɗaya." Ya yi gaskiya. Duk wanda ya tuna yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a 2010 ba zai yi wannan wasan ba. Na janye.

Sai wani dattijo, maƙerin farfaru, ya ce, "Ɗana, me kuke nema? Sinadari muke ce wa abin da muke haɗa azurfa da shi tun kafin a haife ku." Baba, Allah ya ƙara girma, kalmar taku ce. Amma ta riga ta bar maƙera. Yau ka ce sinadari, wani zai ɗauka na miya ne, wani na ɗakin gwaji. In na aiki yaro ya sayo sinadari, Allah kaɗai ya san abin da zai dawo da shi.

Dalma ma akwai gyara a kanta. Tsohuwar wayar da muka saba narkarwa mu haɗa kaya da ita, kashi 63 kuza ne, 37 dalma, tana narkewa a digiri 183. Amma tun 2006 Tarayyar Turai ta hana dalma a yawancin kayan lantarki, kamfanoni suka koma haɗin kuza da 'yar azurfa da tagulla, wanda sai wajen digiri 217 yake narkewa. Shi ya sa allon wayar zamani ke yi wa ƙarfen da kake narkarwa da shi taurin kai. To in muka ce kwaɓin dalma, wannan sabon fa? Dalmar da babu dalma?

Ni dai abin da ya kwanta mini shi ne mu riƙe aikin, mu bar ƙarfen. Aikin liƙi ne. Walda daban, ita tana narkar da abin da ake haɗawa ne, mu kuwa ƙafar kaya ba ta narkewa. Saboda haka wayar liƙi, ƙarfen liƙi, maiƙon ya zama man liƙi, mai ruwan tokar ya zama kwaɓin liƙi. Wani ya ce za a ɗauka liƙin kuɗi ne a gidan biki. A shagon gyara ba a cika ganin irin wannan liƙin ba, babu mai ruɗewa.

Kuma kwaɓi ya dace da halinsa, don yana lalacewa kamar ƙullu. A firji ake ajiye shi, ga zafin Afrilu a Kano, ga wuta sai ta ga dama. In ya bushe ba ya bin hujin faifai. In ka buɗe shi da sanyinsa, raɓa ta sauka a kai, da ya ji zafi sai ya yi tartsatsi, ka ga 'yan ƙwallaye sun watsu tsakanin ƙafafu. In ka cika shi, ƙafa biyu su haɗe.

Saura guda da ban samo wa suna ba. Ɗan mitsitsin rasista, abin nan mai rage ƙarfin wuta a kan allo, idan kwaɓin gefe ɗaya ya riga na ɗayan narkewa, sai ya ja shi ya miƙe tsaye a kan ƙafa ɗaya. Bature dutsen kabari yake gani a wurin. Yarona ya ce tsayuwar balbela. Wa ke da wanda ya fi wannan?