Ƙanwata na son karatun zane a Jamus, amma akwai ta da kunya

Yayan Fati:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta gama sakandare, ta nace sai karatun zane da ƙira a Jamus. Hannu kam tana da shi, sai dai ko a gida ba ta iya ɗaga murya. Me za mu tanada? Kuma yarinya irin wannan za ta iya tsayawa da ƙafafunta a can?

Malam Mai Alƙalami:
Wa alaikumus salam. Ku fara da kundin ayyuka, wanda Jamusawa ke kira Mappe, don shi ake fara dubawa. Galibi ana neman ayyuka 15 zuwa 20, kowace makaranta da adadinta da ranar rufewa. Wanda kundinsa ya haye ake kira jarrabawar gwada basira. Abin da ke kayar da yaranmu shi ne kwaikwayon hotunan taurari daga waya. Ko ya yi kyau kamar me, malaman za su ture shi, don ba su ga tunanin mai shi ba. Ta zana abin da ke gabanta da fensir da gawayi: hannun mai tuƙa tuwo, 'yan kasuwa, rinin Ƙofar Mata, aska takwas ta babbar riga. Littafin gwaje-gwajenta ma ta saka, har shafukan da suka lalace. Idan saƙa da rini ne ke ranta, ta duba makarantun zane na Burg Giebichenstein a Halle da Weissensee a Berlin.

Hajiya Ummu Sadik:
Yaya, batun kunyar nan aikin ne ke maganinta. A makarantun zane, ɗalibi kan manna aikinsa a bango, ya tsaya gaban malami da 'yan aji ya faɗi dalilin kowane launi, su kuma su yi ta suka ba sakayawa. Mai kunya kan ɗauka ita ake zagi, sai ta daina kawo aikin da bai kammala ba, nan kuwa koyo ya tsaya. Ku fara mata atisaye tun yanzu: duk Asabar ta yi bayanin zane ɗaya na minti 5 a gaban mutanen gida, a yi mata tambayoyi uku masu zafi, kada kowa ya amsa mata. Takardun neman gurbi ma ita za ta cike, ku dai ku duba. Abu guda kuma da ba a cika faɗa ba: wasu kwasa-kwasan na da darasin zana mutum tsirara. Ta rubuta ta tambaya ko dole ne, kafin ta nema.

Ɗan Zariya:
Kuɗi fa. Yawancin makarantun gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu sai ɗan kuɗin hidima na kowane zango, amma jihar Baden-Württemberg na karɓar Yuro 1,500 duk zango daga 'yan wajen Tarayyar Turai. Biza na buƙatar asusun banki da ake kullewa, Yuro 11,904 na shekara tun 2024, ana sakar mata 992 duk wata. Haya da inshorar lafiya ke cinye mafi yawa, ga takarda da fenti daga aljihunta. Dole ta yi rajistar adireshi cikin kwana 14 da shiga ɗaki. Jamusanci kuwa ta fara yau, digirin farko galibi da shi ake koyarwa.