Dan Allah meye sunan kiɗan nan da babu waƙa a cikinsa?

Tela_Gangare

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya amma dan Allah kar a min dariya. Ni tela ne a nan Jos, shagona na wajen Gangare, kuma kun san halin aikinmu in biki ya matso kwana ake a kan keke. To satin da ya wuce wajen ƙarfe biyun dare ina haɗa wasu shaddoji, sanyi ya sauko har yatsuna sun ƙage, na kunna YouTube na sa waƙoƙin da na saba ji na ajiye wayar a kan tebur, ban ma san lokacin da ta tsallaka ta kai ni wani abu daban ba. Ba murya, ba ganga, ba 'yan amshi. Wani sauti ne kawai kamar ana taɓa fiyano a ƙarƙashin ruwa, ya taso a hankali ya ɗan jima ya lafa, wani ya biyo bayansa. Da farko na ɗauka wayar ce ta fara taɓuwa, na leƙa sai na ga hoton wani koren ganye da suna irin na 'yan Japan ko Chana, hannuna na kan aiki sai na ƙyale shi.

Wlh sai da aka kira assalatu na farga na gama riga uku, ko aljihu ɗaya ban farke na sake ba, kuma kaina bai yi nauyin da ya saba ba. Da safe yaron shagona ya ari wayar ya kalli ƙwallo ya goge komai wai tana masa nauyi. Yanzu na nema na rasa. Meye sunan irin wannan kiɗan, su waye ke yin sa, kuma ta ina mutum zai fara? Sannan a faɗa min gaskiya kan data dan ba ni da ta ɓarnatarwa.

Injiniya_Rayfield

Wa alaikumus salam maigida. Ba abin dariya ba ne, da yawanmu haka muka faɗa ciki. Sunansa ambiyent, in za ka nema ka rubuta ambient. Kuma daga kwatancenka na koren ganye da sunan Japan ina kyautata zaton Green ne na Hiroshi Yoshimura, a 1986 ya fito. Mutumin ya rasu tun 2003, a lokacin ba kowa ya san shi a wajen ƙasarsu ba, sai daga baya YouTube ta dinga tura wa mutane shi cikin dare kamar yadda ta maka. Duba ka gani.

Wanda ya raɗa wa abin suna Bature ne ɗan Ingila, Brian Eno. A 1975 tasi ta buge shi yana kwance yana jinya, wata ƙawarsa ta kawo masa faifan kiɗan gargajiyar Turawa, aka sa faifan sai ya zama sautin ya yi ƙasa sosai ga ruwa ana yi a waje, shi kuma ba ƙarfin tashi ya ƙara murya. Dole ya haƙura ya kwanta yana ji, kiɗan da ruwan saman suka cakuɗe ya rasa ina ɗaya ya tsaya ina ɗaya ya fara. Daga nan tunanin ya zo masa. A 1978 ya fitar da Music for Airports, wato kiɗan da za a sa a filin jirgi mutum na jira, in ka saurara ka samu abin ji, in ka share shi ba zai dame ka ba.

Ni aikin situdiyo nake yi, abin da ya fi burge ni yadda ya haɗa wani sashe na faifan ne. Ya ɗauki muryoyi suna jan sauti ɗaya-ɗaya a zaren kaset, ya yanka kowane zare ya haɗa bakinsa da ƙarshensa ya zama zobe, amma tsawonsu ba ɗaya ba. Sai ya sake su suna ta juyawa tare. Tunda wani ya fi wani tsawo, yanzu biyu su haɗu, anjima su saɓa, can uku su faɗo lokaci guda, ba ka taɓa cewa ga abin da zai biyo baya. Kai da kake tela ka ɗauka kekuna uku ne a shago kowa da saurin ƙafarsa. Shi ya sa ba ya gundura kuma ba ya jan hankalinka daga allura, babu baitin da kake jira ka bi da baki.

BabanSadiq_Bukuru

Hhhh Allah ya kyauta. Na je na nemo na saurara minti biyar ina jiran a fara, ashe wai an fara. Malam wannan ai ƙugin firij ne, in shi kake so zo gidana akwai wani tsoho da na saya a Terminus tun kafin kasuwar ta ƙone, kyauta zai maka har asuba in akwai wuta. Mu da muka tashi da Ɗan Maraya a garin nan, kuntigi tsirkiya ɗaya amma ya faɗa maka magana ka kwana kana juya ta, shi ne za a kawo mana kiɗa ba magana? Tuwo ba miya kenan. Kuma Tela in kai ne wanda nake zato, kaftanina na wajenka yau sati uku.

Ummi_Unijos

Baba ina wuni, a yi haƙuri amma zan ɗan saɓa maka. Tuwo ba miya ka ce, to sarewar da Bafulatani ke busawa a bayan shanu fa, wace magana ce a ciki? Kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya fara. Ni abin da ke ɗan ci min rai shi ne duk lokacin da aka yi zancen kiɗan na'ura sai a fara lissafo Turawa kamar mu ba mu taɓa shi ba.

Ku nemi Mamman Sani na Nijar. A shekarun 1970 ya samu wata ogan ta lantarki ƙirar Italiya, ya dinga ɗauko waƙoƙin gargajiyar ƙasarsu yana buga su a kai shi kaɗai, a hankali, ba murya. A 1978 ya yi kaset, shekara ɗaya da faifan filin jirgin da Injiniya ya ambata fa, ku lura. Kwafi kaɗan aka yi, amma gidan rediyo da talabijin na Nijar suka dinga sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye, mutane suka tashi da shi a kunne da yawa ba su ma san mai shi ba. Sai 2013 wani kamfani na Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi duniya ta ji. Ranar da na fara kunnawa a ɗaki kakata, 'yar Maraɗi ce, tana kan sallaya tana lazimi, da ta shafa sai ta juyo ta ce ke ina kika samo kiɗan labarai? Ni ina ganin na gano sabon abu ashe ita tun tana amarya ta san shi.

Akwai kuma Hama, shi ma a Yamai yake, nasa ya fi sauri kaɗan. Ga William Onyeabor na Inugu wanda ya rasu 2017, shi nasa na rawa ne da waƙa amma na'urorin da ya tara a zamaninsa sai ka riƙe baki. Kai hatta waƙoƙin finafinanmu ai da fiyanon Yamaha da kwamfuta ake haɗa su, kalangun da kuke ji a ciki sau da yawa ba fata ba ce maɓalli ne. Mun daɗe a cikin kiɗan lantarki, kawai mai sanyin ne ba mu saba ba.

BabanSadiq_Bukuru

To 'yata na ji, zancen sarewa kin kama ni. Na Nijar ɗin zan gwada tunda na gida ne. Amma firij ɗin nan ina nan a kan bakana.

Injiniya_Rayfield

Ummi kin kyauta, na manta Mamman Sani kuma bai kamata ba. Bari in ƙara abu ɗaya dan kar maigida ya ruɗe in ya je nema. Kiɗan lantarki gida ne babba. Akwai na rawa, haus da ya taso a Chikago da tekno na Ditroit a shekarun 1980, har zuwa amapiyanon Afirka ta Kudu da ya cika mana gidajen biki yanzu, duk 'yan ɗaki ɗaya ne. In ka rubuta electronic kawai su za a fara jefo maka, ka zo kana ɗinkin wuya ganga ta sa ka karkace. Kai ɓangaren da ba ganga kake nema.

Zancen data kuma bar kallon bidiyo, hoton ganye ne fa kawai yake cinye maka kuɗi. Akwai rediyon intanet sunansa SomaFM, kyauta ne ba talla, ka zaɓi tashar Drone Zone. In ka sa ingancin sautin a kan 64k, awa ɗaya wajen 29MB zai ci, kwana guda na aiki awa shida bai kai 200MB ba. Ko ka samu waifai ka sauke abin da kake so tun da rana. Sannan kar ka ji shi da sifikar waya, rabin abin a ƙasa-ƙasa yake, wayar ba ta iya fitar da shi, abin da ya sa Baba ya ji firij kenan. Iyafis ko ta dubu biyu ce ta fi, amma gwada ta a gaban mai shago, ni na taɓa sayen wata kunne ɗaya ya mutu kafin in kai Farin Gada.

Anti_Nas

Ni ma'aikaciyar jinya ce, in ina aikin dare bayan an gama zagaye nakan sa a kunne ɗaya ƙasa-ƙasa, ɗayan kunnen na wajen marasa lafiya. Yana taimakawa gsky. Amma gargaɗi ɗaya ƙanina, kar ka kuskura ka ba direba. Mun taso daga Abuja da yamma da ƙanin mijina, na haɗa wayata da rediyon mota ina jin daɗina, mun wuce Akwanga mun doshi Hawan Kibo sai na ga kansa na rangaji. Salati na saka na fizge wayar na sa masa Rarara da ƙarfi, sai da muka shigo gari ƙirjina ya daina bugawa.

Kuma tunda kowa na kawo nasa, akwai wani yaro ɗan Kenya, KMRU, faifansa Peel na 2020. Shi yawo yake da na'urar ɗaukar sauti yana kwasar ƙarar gari da iska da tsuntsaye ya je ya saƙa su cikin kiɗa. Shi ya sa ni ma a watan Agusta da ruwa ya kwana yana zuba na ajiye waya a taga na ɗauki minti arba'in na ruwa a kan kwano, har da kwaɗin bayan gida da wani zakara da ya ruɗe ya yi cara tsakar dare. Yanzu da rani in barci ya ƙi zuwa shi nake sawa.

Tela_Gangare

Jama'a Allah ya saka da alheri, Injiniya shi ne wlh, koren ganyen nan ne, ina gani na gane shi. Jiya kuma na kwana da Mamman Sani, Ummi Allah ya ba da sa'ar karatu, wannan ya ma fi shiga raina dan akwai wuraren da nake jin kamar na san waƙar amma na kasa kamo ta. Wani dattijo ya zo karɓar ɗinki da safe ya tsaya a bakin ƙofa ya yi shiru, ya biya ni bai ko nemi ragi ba.

Anti zancenki ya sa ni tunani. Kekena Butterfly ce tsohuwa ta ƙafa, tana da wani sauti in na sassauta taka ta, ga almakashi a kan tebur ga dutsen guga na gawayi in an yayyafa ruwa. Injiniya in na ɗauko waɗannan a waya na kawo maka Rayfield za a iya yi musu irin zoben nan da ka ce? Nawa zai ci min?

Injiniya_Rayfield

Kawo su ran Lahadi bayan la'asar, kowanne ka ɗauke shi daban kamar minti biyu, ka kashe fanka kuma ka ajiye wayar a kan tsumma kar ta kwashi girgizar tebur. Kuɗi bar shi, akwai wandona da zif ya lalace.

BabanSadiq_Bukuru

Ashe kai ne. To tunda keken za ka ɗauka, ka ɗauke ta tana ɗinka kaftanina, Juma'a nake da ɗaurin aure.