Littafin yana hannun wani, mujallar kuma ba ta buɗuwa: mene ne abin yi?

Ɗalibar digiri na biyu:

Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin digirina na biyu a fannin tarihi, kuma abubuwa uku ne suka tsaya mini a laburaren jami'armu. Akwai littafin da malamin da ke duba aikina ya ce lalle in karanta shi, amma katalogin laburare ya nuna cewa kwafi ɗaya ne, kuma yana hannun wani mai aro har ƙarshen zango. Akwai kuma maƙaloli biyu a wata mujalla waɗanda duk lokacin da na yi ƙoƙarin buɗe su a intanet sai a nemi in biya kuɗi. Na ukun shi ne, haruffa da lambobin da ke jikin littattafai suna rikita ni, har nakan je kantar littattafai in rasa littafin da katalogi ya tabbatar yana nan. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan wannan aiki.

Ma'aikacin laburare:

Wa alaikumus salam, Malama. Ƙa'idoji sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma abin da zan faɗa ana yin sa a yawancin manyan laburaren bincike. Idan littafi yana hannun wani, ba dole ba ne ki jira ranar da katalogi ya nuna. Ki je teburin aro, ko ki shiga asusunki na laburare, ki nemi a ajiye miki shi. Da zarar an rubuta buƙatarki, wanda ke riƙe da littafin ba zai iya sabunta aronsa ba, kuma a wurare da yawa ana aika masa da saƙo a rage masa wa'adi, musamman idan aron dogon lokaci ne irin wanda ake bai wa malamai. Idan kuma ɗalibai da yawa ne ke bukatarsa, malaminku yana iya neman a mayar da shi sashen aron gajeren lokaci, inda ake bayar da littafi na 'yan sa'o'i ko na kwana ɗaya.

Batun lambobi kuwa, tsari biyu ne suka fi yaɗuwa. Tsarin Dewey, wanda Melvil Dewey ya fara wallafawa a 1876, ya kasa ilimi gida goma, daga 000 zuwa 999, tarihi yana cikin gidan 900. Manyan laburaren jami'o'i da yawa sun fi amfani da tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda ke farawa da haruffa: DT tarihin Afirka ne, PL kuma ya ƙunshi harsunan Afirka da na gabashin Asiya. Ana fara bin haruffan, sannan lambar da ke biye da su a karanta ta a matsayin cikakkiyar lamba. Inda mutane suka fi ɓacewa shi ne ɓangaren da ke zuwa bayan ɗigo, domin shi ana karanta lambobinsa ɗaya bayan ɗaya ne, saboda haka .B45 yana zuwa kafin .B5 a kan kanta, ko da yake 45 ya fi 5 yawa. Idan kin isa wurin, kada ki ɗauki littafinki kawai ki juya. Ki duba na damansa da na hagunsa, tunda maudu'i ɗaya ne ya haɗa su wuri guda. Idan kuma babu shi alhali katalogi ya ce yana nan, ki sanar da mu mu bincika, domin sau da yawa wani ne ya mayar da shi inda ba wurinsa ba.

Ɗalibin digiri na uku:

Ni zan taɓa batun maƙaloli ne kawai. Neman kuɗin da ake yi miki ba ya nufin jami'arku ba ta biya kuɗin mujallar ba. Sau da yawa shafin mawallafin bai gane cewa ke ɗalibar jami'ar ba ce, saboda kin shiga daga waje. Ki fara shiga ta shafin laburare da sunan asusunki da kalmar sirri, sannan ki nemi mujallar daga can. Ki kuma lura da shekarun da aka biya wa kuɗi. A JSTOR, wani rumbun mujallun ilimi na intanet, misali, mujallu da yawa ba sa sanya fitowarsu ta baya-bayan nan, galibi ta shekara 3 zuwa 5, don haka tsohuwar maƙala tana iya buɗuwa sabuwa ta ƙi.

Idan hakan bai yi ba, ki rubuta taken maƙalar a Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen ilimi, ki duba sauran nau'o'inta, domin marubuta da dama suna ajiye kwafin aikinsu a rumbun jami'arsu kyauta. Akwai DOAJ, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin a 2003, mai tattara mujallun da ake karantawa ba tare da biya ba, akwai kuma AJOL na mujallun da ake wallafawa a Afirka. Ni dai hanyar da ta fi yi mini sauri ita ce in aika wa marubucin imel cikin ladabi in roƙi kwafi. Aro tsakanin laburare da laburare kuwa, gaskiya ban cika dogaro da shi ba, domin yana ɗaukar lokaci.

Malama mai koyarwa:

Na yarda da yawancin abin da ɗalibin digiri na uku ya faɗa, amma ban yarda a raina aro tsakanin laburare ba, balle ga mai nazarin tarihi. Littattafan da za ki fi bukata da yawansu an daina buga su, ba su tsufa har haƙƙin mallakarsu ya faɗi a sa su a intanet ba, marubutansu kuma wasu sun riga mu gidan gaskiya, babu wanda za a aika wa imel. Irin waɗannan sai dai a aro su daga wani laburare, ko a ɗauko miki hoton babin da kike so. Jinkirin da ake kuka da shi yakan samo asali ne daga buƙatar da aka cike rabi da rabi. Ki duba WorldCat, katalogin da ya haɗa kayan dubban laburare na duniya, ki kwafo cikakken sunan marubuci da take da shekara da bugu na nawa da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafin, idan maƙala ce kuma ki haɗa da juzu'i da shafuka da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙalar a intanet. Sannan ki miƙa buƙatar tun kina babi na ɗaya, ba sai ranar da kike son kafa hujja da littafin ba.

Abin da na fi so ki yi shi ne ki nemi zama na musamman da ma'aikacin da ke kula da fanninku. Ɗalibaina sukan ɗauka cewa teburin tambaya na masu neman hanyar kanta ne kawai, alhali mutanen da ke zaune a wurin sun yi karatun neman bayani ne a matsayin sana'a. Kada ki je ki ce kina neman littattafai a kan tarihi. Ki faɗa masa tambayar bincikenki, da shekarun da kika iyakance, da wuraren da kika riga kika duba, da kalmomin da kika gwada suka ƙi ba ki komai. Shi zai nuna miki kalmomin maudu'i da katalogi ke amfani da su, waɗanda sau da yawa ba su ne kalmomin da ke bakinki ba, ya kuma nuna miki yadda ake haɗa kalmomi biyu don taƙaita sakamako ko faɗaɗa shi.

Ɗalibar digiri na biyu:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Sauran abu biyu. Ina jin nauyin sa a karɓo littafi daga hannun wani, musamman idan ya kasance malamin sashenmu ne. Sannan an ce mini ba a fita da kundayen digiri na ɗaliban da suka gabata. To, ta yaya ake amfana da su?

Ma'aikacin laburare:

Kada wannan ya dame ki, Malama. Ƙa'idar aikinmu ce ba ma bayyana wa kowa wanda ya ari littafi ko wanda ya neme shi, saboda haka saƙon da zai je masa daga laburare ne, babu sunanki a ciki, kuma idan bai gama da littafin ba, shi ma yana da damar ya nemi a ajiye masa bayan ke. Kundayen digiri kuwa, ana karanta su ne a cikin sashensu, kamar yadda ake yi da ƙamus-ƙamus da tsofaffin rubuce-rubucen hannu, domin yawanci kwafi ɗaya ne tak. Ki fara duba rumbun jami'ar na intanet ko an riga an sanya wanda kike so. Idan ba a sanya ba, ki zo da katin shaidarki da littafin rubutu, ki tambayi ma'aikacin sashen iyakar shafukan da aka yarda a ɗauki hotonsu kafin ki fito da wayarki.