Filina gangare ne kuma yana kallon duwatsun Shere, in cike shi ko in bi shi yadda yake?

Abban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gini. Na sayi fili a Jos ta wajen Lamingo, daga bakin titi yana gangarawa baya, bayan kuma shi ne gabas, in ka tsaya da safe duwatsun Shere ne a gabanka tar, wallahi don su na saya. Birkilanmu ya ce a zuba tifofin marmara a daidaita shi da titi sai a ɗora irin filan ɗin da kowa ke yi, falo na kallon get. To ai in an yi haka mun ba dutsen baya ke nan. Ga Hajiyarmu tana tare da mu kuma ciwon gwiwa ya hana ta hawa bene. Ya zan yi?

Injiniya Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka cike shi don Allah. Ƙasar ciko in ba a daddanne ta kashi-kashi da inji ba tana ci gaba da zama duk damina, sai ka ga tayil na fashewa, bango ya tsage daga kusurwar taga, kuma ko ka cike dole fandisho ya sauka har asalin ƙasa, ka ga ka biya kuɗin bulo da rodin da ba wanda zai taɓa gani. Gara gidan ya bi gangaren. Falon baƙi da ɗakin Hajiya da banɗakinta su zauna daidai da titi ba matakala ko ɗaya, sai a sauka 'yan matakai zuwa falon iyali da ke kallon dutse. Bangon da zai riƙe ƙasa a sa masa bututun fitar ruwa da tsakuwa a bayansa, in ba haka ba ruwa ne zai tura shi.

Amma kafin komai a gwada ƙasar. Jos garin kuza ne, tun zamanin Turawa ake haƙa, akwai ramuka da kududdufai da suka cike har ciyawa ta rufe su. Sannan ka nemi mai zane ya je ya tsaya a filin da ƙafarsa, ba wanda zai turo maka filan ta WhatsApp ba, shi ne kuma zai shirya maka takardun da za ka kai JMDB, hukumar da ke ba da izinin gini a Jos.

Maman Sadiq:
Abban Ilham a tambayi uwargida tukuna. Kullum falo ake ba wa taga mai kyau alhali mu ne ke wuni a kicin, a ƙarshe a ba mu 'yar taga tana kallon katanga da janareto. A sa tagar wajen wanke-wanke ita ma ta kalli gabas mana. Sai maganar maƙwabta, tunda kai ne a sama barandarka za ta leƙa tsakar gidan na ƙasa da kai, matansu ba za su sake ba, kuma wannan yana jawo rigima sosai. A ɗaga bangon barandar ya kai ƙirji yadda ido zai tafi kan dutse bai faɗa gidan mutane ba.

Baba Na Jos:
Yaro, ni abin da nake ji maka gilashi ne. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ya sa magina na da bangon gabas suka fi ba wa kulawa, ga sanyin hunturu a Jos ba wasa ba, Disamba da Janairu iska na shigowa ta arewa maso gabas da ƙura. Ka yi bango guda na gilashi zalla sai ka kasa zaman falon. Ka yi taga babba ɗaya, ka ja ta ciki, baranda mai zurfi a gabanta rufin ya zarce sosai ya tare feshi. Kuma tunda alƙibla ma ta can take, a lura da yadda za a dasa masai kar ya fuskance ta ko ya ba ta baya.

Abban Ilham:
Allah ya saka da alheri, Baba na gode, Maman Sadiq saƙo ya isa har an ce a gaishe ki. Injiniya saura abu ɗaya, sokawe dole can ƙasan gangaren zai tafi ko? Don a nan ne mai bohol ya nuna mana, kuma na san bai kamata su yi kusa ba.