CT ya fito lafiya, amma kan bai dawo daidai ba

Yayar majinyaci: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya faɗi ya bugu a kai, yau sati uku ke nan. An yi masa CT, aka ce babu jini babu tsaga. Amma da ya karanta shafi ɗaya sai ya dafe goshi, hasken waya ma ba ya iya jurewa. Wane hoto za mu nema kuma?

Mai ɗaukar hoto: Wa'alaikumussalam, Allah ya ba shi lafiya. Hajiya, CT ƙashi da jini da kumburi yake gani, ba ya nuna yadda ƙwaƙwalwa ke cin abincinta. Ita kuwa nauyinta kusan kashi 2 cikin 100 ne na jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarinsa. Bayan bugu, sai ta yi ta wawurar sukari don gyara kanta, daga baya aikin ya yi sanyi na kwanaki ko makonni. Masu bincike a jami'ar UCLA ta Amurka sun ga haka da hoton PET, inda ake sa sukari mai alama a jini a bi sawunsa.

Ɗalibar likitanci: Malam ya faɗi gaskiya. A can ɗin ne likita Paul Vespa da abokan aikinsa suka nuna a 2005 cewa ƙwaƙwalwa na iya shiga matsin kuzari ko da jini yana isa gare ta. Abincin yana zuwa, ƙona shi ne ya gagara. Abin da ya fi tsaya min a rai binciken wani likita mai suna Vagnozzi ne a Italiya, da wani nau'in MRI mai auna sinadarai. 'Yan wasan da suka bugu a kai sun ce sun warke cikin kwanaki, amma sinadarin NAA, mai nuna lafiya da kuzarin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, bai koma daidai ba sai wajen kwana 30.

Yayar majinyaci: To mu nemi PET ke nan?

Mai ɗaukar hoto: A'a, kada ku wahalar da kanku. Galibi a bincike ake amfani da shi wa irin wannan. Ku ga likitan ƙwaƙwalwa, shi zai ce ko MRI ya dace. Ku tafi da takarda: yaushe ciwon ke tashi, barcinsa, mantuwarsa.

Tsohuwar nas: 'Yata, babban abin kiyayewa bugu na biyu kafin ya warke. Ba ƙwallo, ba hawa sama. Kada kuma a kulle shi a ɗaki mai duhu, ya riƙa ɗan tattaki. In gajiyar ta ja watanni, a duba sinadaran jininsa da ake kira hormone, don bugun kai kan taɓa 'yar halittar nan ta ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa su. Amai a kai a kai, farfaɗiya ko barcin da ba ya tasuwa kuwa, asibiti nan take.

Yayar majinyaci: Na gode Mama. Jiya ma ya ce zai koma fili. Yanzu zan ɓoye takalman.