Fulat a tsohon gidan bakin ruwa a Amsterdam: me ya kamata a duba kafin a sa hannu?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Holan. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gidaje a Amsterdam. Dillali ya nuna mana wani fulat na sayarwa a bakin hanyar ruwan Keizersgracht, cikin tsofaffin gidajen nan na ƙarni na 17 da ke jere a gefen ruwa. A takarda murabba'in mita 140 ne, hawa biyu: babban falon da suke kira bel-etage, da na ƙarƙashinsa, souterrain, wanda rabinsa ya nutse ƙasa da titi. Silin ɗin falon ya kusa mita huɗu, tagogi manya-manya, ga ɗan lambu a baya. Mu biyar ne har yara, kuma Hajiyarmu takan zo ta kwana biyu tare da mu.

Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Daɓen falon ya karkata gefe guda, har kujera mai taya takan gangara da kanta, dillali kuma ya ce ai duk gidajen layin haka suke. Sannan akwai warin danshi a ɗakunan ƙasa. Me za mu bincika kafin mu shiga ciniki? Kuma ya zama yake da iyali a irin gidan?

Injiniya Sani:

Wa alaikumus salam Hajiya. Dillali bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi duka ba. Karkata iri biyu ce. Gidaje da yawa tun asali aka gina fuskarsu ta ɗan sunkuyo wajen titi, wannan ba ciwo ba ne. Wadda ake tsoro ita ce ta gefe, inda bango ɗaya ya fi ɗan'uwansa nutsewa. Ko ita ma, abin tambaya shi ne: ta tsaya tun zamanin kakanni, ko har yanzu gidan yana sauka?

Ƙasar Amsterdam laka ce da taɓo mai laushi, ba ta ɗaukar gini. Shi ya sa aka kafa gidajen kan turakun itace da aka buga har suka taɓa yashi mai ƙarfi, wajen mita 12 zuwa 13 a ƙasa. A kan turakun aka shimfiɗa katakai, a kansu aka ɗora tubali. Fadar da ke dandalin Dam tana tsaye kan turaku 13,659 tun ƙarni na 17. Muddin itacen yana cikin ruwa, iska ba ta samunsa, zai yi ɗaruruwan shekaru. Da zarar ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya, kan turken ya fito, fumfuna ta kama shi, shekara goma zuwa ashirin na bushewa sun isa su cinye shi. Akwai kuma nau'in itacen da ƙwayoyin cuta ke laushasa bayansa ko yana cikin ruwan. Na uku, ƙasar da ke kewaye tana lotsawa a hankali, tana jan turken ƙasa tare da ita.

Ku fara da neman rahoton harsashi, funderingsrapport, daga mai sayarwa. A Amsterdam ana ba harsashi lamba daga 1 zuwa 4. Ɗaya da biyu babu damuwa, uku kwanansa ƙidayayye ne, huɗu gyara ya wajaba, kuma banki kan ja da baya wajen ba da bashi a kansa. Ku nemi fayil ɗin gidan a ma'ajiyar takardun gini ta hukumar birni, nan za a ga ko an taɓa sabunta harsashin da shekarar da aka yi. A jikin bangon waje, ƙasa-ƙasa, za ku iya ganin wasu 'yan ƙusoshin ƙarfe da aka kafa don awo. Da su ake sanin milimita nawa gida ke sauka a shekara. Ƙasa da biyu abu ne mai sauƙi, idan ya haura uku ko huɗu magana ta girma.

In babu rahoto kwata-kwata, ku sa binciken harsashi cikin sharuɗɗan ciniki. Ana haƙa rami a gindin bango, a zuƙe ruwan, a tone kan wasu turaku, a soke su a auna kaurin ɓangaren da ya yi laushi, a yanki samfur a kai ɗakin gwaji. Duban gida na yau da kullum, bouwkundige keuring, ba ya kaiwa nan, ido kawai yake bi. Ba a cinikin biri a sama.

Da idonku kuma ku duba tsagar da ta tashi daga kusurwar taga ta bi layin tubali kamar matakala, da ƙofofin da aka fere ƙasansu don su rufu, da sabon shafe a wuri ɗaya tak na bango.

Abin da ya sa na tsawaita: ku ne masu souterrain. Ranar da za a yi gyara, ta ɗakunanku za a shiga. Ana fasa daɓen gaba ɗaya, a dinga buga bututun ƙarfe guntu-guntu ana haɗa su da walda har su kai yashi, a cika su da kankare, sannan a zuba daɓen kankare mai rodi wanda ake cusa bakinsa cikin bango ya ɗauki nauyin gidan. Watanni ake yi, ku kuma kuna wani wurin. A babban gida kuɗin kan haura Yuro dubu ɗari, ban da mayar da kicin da banɗaki.

Baban Khalil:

Hajiya, Injiniya ya yi maganar ƙasa, ni ta takarda zan yi. Mai sayen fulat a Holan ya zama ɗan ƙungiyar masu gidan, VvE, ko yana so ko ba ya so. Harsashi, rufi, bangon waje, galibi har da firam ɗin tagogi, na kowa ne, ana raba kuɗin gyaransu bisa kason da aka rubuta a takardar rabon gida, splitsingsakte. Mai murabba'in mita 140 a gidan mutum uku ko huɗu shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Ku karanta wannan kason kafin ku kalli launin kicin.

Doka tun 2018 ta ce kowace VvE ta riƙa tara kuɗin gyara, ko dai bisa tsarin gyara na shekaru da aka rubuta, MJOP, ko kuma aƙalla kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin sake gina gidan a kowace shekara. Ƙananan ƙungiyoyi da yawa barci suke yi, ba taro ba asusu. Ku nemi bayanin asusun, da rubutun tarukan shekara uku da suka wuce, da takardar inshorar ginin. Idan kuka ga kalmar fundering ta maimaitu a taro bayan taro ba a yanke komai ba, kun san abin da ke jiranku. Kuɗin wata na VvE da ya yi arha sosai a irin wannan gida ba abin murna ba ne.

Mafi yawan gidajen manyan hanyoyin ruwan nan an yi musu rajistar kayan tarihi, rijksmonument, kuma unguwar baki ɗaya tana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 2010. Kariyar ba ta tsaya a fuskar gida ba, ta shiga ciki: adon filastar silin, murhun marmara, tsohuwar matakala, katakan rufi. Rushe bango don faɗaɗa kicin, canja taga, huda bango don bututun hayaƙi, duk sai da izinin hukumar birni, omgevingsvergunning. Wanda ya yi ba izini ana iya tilasta masa ya mayar yadda yake da kuɗinsa, kuma aikin da mai gidan baya ya yi a ɓoye yana iya dawowa kan sabon mai gida.

Akwai ɗan sauƙi. Mai gidan zama mai wannan rajista yana iya neman tallafin gwamnati, woonhuissubsidie, har kashi 38 cikin ɗari na kuɗin gyaran da ya shafi kiyaye ginin, kamar fenti, rufi da firam. Daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Afrilu ake nema, kan aikin shekarar da ta gabata, don haka a adana rasit da hotuna kafin aiki da bayansa. Sabon kicin ba ya ciki. Asusun gyaran gine-ginen tarihi, Nationaal Restauratiefonds, kuma yana ba da rance don manyan gyare-gyare.

A tambayi notaris, masanin doka da ke rubuta takardar cinikin gida, ko filin na gidan ne, eigen grond, ko hayar birni ce, erfpacht. A wannan unguwa galibi na gidan ne, domin sai 1896 birnin ya fara tsarin hayar fili, amma a gani a rubuce. Kuma a tabbatar souterrain ɗin an rubuta shi wurin zama ne, ba ma'ajiya ba, don farashin mitarsu ba ɗaya ba ne.

Maman Ilham:

Allah ya saka da alheri. Mun tambaya, an ce an sabunta harsashin shekarun baya, za su turo takarda. To in haka ne, danshin daga ina? Kuma sanyi fa, da silin mai tsawo haka?

Anti Rabi:

Maman Ilham, sabon harsashi ba ya nufin ɗaki ya bushe. Daɓen souterrain yana kusa da matakin ruwan ƙasa, kuma tsohon tubali yana shan ruwa yana hawa da shi. In ba a yi wa ɗakin kwarya ta kankare mai hana ruwa ba, kelderbak, wadda bangonta ya hau sama da matakin ruwan, danshi zai shigo ta mahaɗar daɓe da bango. Ku duba bayan kabad da gindin bango: farin gishiri-gishiri, fenti mai kumbura, katakon gefe da ya yi baƙi. Ku ajiye ɗan ma'aunin danshi mako guda in za a bari, tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari ake so, in ya zauna sama da 70 fumfuna za ta kama tufafi da katifa. Kuskuren da aka fi yi shi ne shafe tsohon bango da siminti ko fentin roba. An gina shi da farar ƙasa mai barin danshi ya fita, in aka toshe sai ruwan ya ƙara hawa sama ya tarar da bakin katakan da ke ɗauke da bene, su ruɓe a cikin bango ba a gani. Haka ma liƙa abin tare sanyi daga ciki ba tare da lissafin gwani ba.

Sanyi kam akwai. Ɗaki mai silin mita huɗu iskarsa ta ninka ta fulat na zamani sau ɗaya da rabi, zafi kuma sama yake taruwa. Tagogin yawanci gilashi ɗaya ne mai zugewa sama, iska na shiga ta gefensa. Gilashi biyu na kasuwa kaurinsa ba ya shiga siririn firam, hukuma ma ba ta cika yarda ba. Abin da ake yi shi ne ƙara taga ta biyu daga ciki, achterzetraam, ko siririn gilashi na musamman da aka yi don irin waɗannan gidaje, a sa gashin tare iska a gefen firam, a rataya labule mai kauri har ƙasa, amma kada ya rufe hita. Ku nemi takardun kuɗin gas na shekara cikakkiya daga mai gidan, kada ku tsaya kan kiyasin dillali.

Wanka da alwala: benen sama katako ne, ba deki ba. Banɗakin da ke bel-etage in ana kwara ruwa a daɓensa kullum, sai an tabbatar akwai shimfiɗar hana ruwa ƙarƙashin tayil da ta hau bango, da magudana a daɓe. Katako yana motsi, layin tayil yana tsagewa, ruwa ya bi ya sauka kan silin. A ƙasa kuma banɗaki kan kasance ƙarƙashin matakin bututun titi, da famfo mai lantarki ake tura ruwan sama. Kada man girki ko tsumman goge jarirai su shiga, nan da nan yake toshewa. A tambaya kuma ko an cire bututun dalma, gidajen da suka girmi 1960 kan ɓoye guntunsa, kuma yana da illa ga yara.

Girki irin namu mai suya da daddawa yana son na'urar zuƙe hayaƙi mai fita waje. Da yawa a nan masu tace iska ne su maido ta ɗaki, kuma warin yana bin katako har gidan maƙwabci na sama. Ku leƙa ku ga inda bututun ya nufa.

Game da Hajiya, ku ƙirga matakala. Daga titi zuwa ƙofar bel-etage akwai 'yan hawa na dutse masu santsi lokacin ruwa da ƙanƙara, ta ciki kuwa a tsaye take, faɗin takun bai kai tafin ƙafa ba. A ba ta ɗaki a hawan da ke da banɗaki da kicin, ko da za a raba babban falon. Tagogin falon kuma ƙasa-ƙasa suke, bakin ruwa ba shinge, sai a sa makarin taga, yara kuma su fara koyon iyo da wuri.

Injiniya Sani:

Ƙari kaɗan kan maganar Anti. Takardar da za su turo, a duba ko an gyara bangon da kuke tarayya da maƙwabta ta ɓangarorin biyu. Gida ya tsaya cak kan sabbin turaku, na kusa da shi yana ci gaba da sauka, tsaga takan fito daidai mahaɗarsu.

Ranar tashi kuma, gado da firji ba sa bin matakala. Ƙugiyar da ke saman fuskar gidan don haka aka yi ta, amma kada a rataya mata kaya sai an duba gungumen, yawanci yanzu liftar haya ake jinginawa a cire taga. Tare titi yana buƙatar izini tun da wuri, kuma motar da ta haura tan 7.5 ba ta shiga tsakiyar birni sai da takarda ta musamman, saboda bangon gaɓar ruwa ya tsufa, wani ma ya rufta a hanyar ruwan Grimburgwal a Satumbar 2020. Ku duba a taswirar hukumar birni ko gaɓar da ke gaban gidan tana cikin waɗanda za a sabunta, domin aikin yakan rufe titi fiye da shekara, ba wurin ajiye mota, kuma ya kamata a ɗauki hoton kowane bango na gidan kafin injinan masu aikin su iso.