Ko Tsintsiyarmu Za Ta Sake Ɗauruwa?

Ɗan Wunti:
Jama'a ku ba ni amsa da waƙa,
Tsintsiyarmu za ta sake ɗauruwa?

Afrilun 1991 ina ɗan yaro,
Wuta ta tashi a Tafawa Balewa.

A kan nama aka soma gardama,
Kafin a ankara har Bauchi na ƙonewa.

Babana ya loda mu a akori-kura,
Gidan da ya gina har yau ba komawa.

Zaɓen 2011, 'yan hidimar ƙasa goma
Aka kashe, iyayensu na jiran dawowa.

Ni na ce sulhu tatsuniya ce,
A yi ta da dare, da safe ba tunawa.

Ladi 'Yar Bogoro:
Yaya Ɗan Wunti, na ji kukanka,
Ni Basayiya ce, mu ma mun yi ta binnewa.

Kawuna ya fita kasuwa ran nan,
Takalminsa kaɗai ya samu dawowa.

Amma wadda ta ɓoye uwata a rumbu
Bafulatana ce, da ƙwaryar nono take zuwa.

Ta tsaya a ƙofa, jikinta na ɓari,
"Ba kowa a ciki," tana ta rantsewa.

Kwamitin binciken rikicin na Mai Shari'a Babalakin ya zauna ya rubuta,
Shekaru suka shuɗe ƙura na rufewa.

An ɗauke hedikwatar ƙaramar hukumar Tafawa Balewa an kai Bununu,
Gyambon na nan, ƙarƙashin tsumma yana ruɓewa.

Baba Jekadafari:
'Ya'yana, mu ma a Gombe ba mu tsira ba,
Ko da 1996 ta ba mu jiha, da Bauchi aka yi rabuwa.

Billiri, 2021, kan kujerar Mai Tangale,
Maƙwabta suka wayi gari ba gaisawa.

Ku dubi Mandela, shekara 27 a kurkuku,
Ya fito ba neman fansa kan Turawa.

Sai dai kwamitin Desmond Tutu bai yi rufa-rufa ba,
Mai kisa ya faɗi da bakinsa, uwar na saurarawa.

Ruwanda ma bayan kisan kiyashin 1994,
A filin gari aka yi ta tuhuma da amsawa.

Mu nan "a yi haƙuri" ake ce mana,
Wa ya yi? Wa aka yi wa? Ba mai faɗawa.

Manyan da ke zuga ku ran zaɓe,
A Abuja tare suke cin tuwon biki da shewa.

Ɗan Wunti:
Baba, maganarka ta sare min gwiwa.
Ladi, ƙanwata, ban san da kawunki ba,
Allah ya ba ku haƙurin rashi da jurewa.

Tunda kina bi ta garin, duba min:
Bayan kasuwa, gida mai mangwaro biyu,
Babana ya dasa su, ko suna nan da rayuwa?

Ladi 'Yar Bogoro:
Amin, Yaya. Ban yi maka alkawarin gida ba,
Wasu na ciki, su ma gudu ya kawo su zaunawa.

Amma ran kasuwa zan je in duba,
In mangwaron na nan zan tsinko maka da kaina.
Ka jira ni a tasha, Asabar mai zuwa.